Hedfon mai sauti mai kyau da kuɗi kaɗan a Legas: yadda ake saye, gyara da ƙara masa ƙarfi

Wanda zai sayi hedfon a Legas, ya fara sayen mita. Ƙaramar mitar awon wuta mai lambobi a fuska, irin wadda masu gyaran waya ke riƙewa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma cikin daƙiƙa goma za ta faɗa maka abin da ke cikin kwali. Kunne ba ya aiki a Computer Village ta Ikeja: janareta na ruri, shagon kusa ya ƙure sifika, 'yan kamasho na jan rigarka tun daga bakin titin Otigba. A cikin wannan hayaniya, jabu da gangariya duk ɗaya suke a kunne. Haka lamarin yake a Alaba International da ke Ojo, inda kayan situdiyo da na hannu suka fi yawa.

Abu na biyu da za ka riƙe a rai shi ne, tsufa ba ya kashe hedfon a garin nan. Laima ce ke cin soso, ja da lanƙwasa ke tsinka igiya, wutar NEPA kuma ke ƙona amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa hedfon ƙarfi. Saboda haka wanda ya cancanci kuɗinka shi ne wanda ake kwancewa da sukundireba, ake zare sosonsa, ake sauya igiyarsa. Na Bluetooth mai araha ba ya cikin wannan lissafi, domin ranar da batirinsa ya mutu galibi shi ma ya tafi.

Wanne za ka nema

Fara da inda za ka riƙa sauraro. Rufaffen hedfon yana toshe ƙarar waje, shi ya dace da danfo, BRT, shago a Agege ko ɗakin da ake zaune mutum huɗu. Buɗaɗɗe, mai raga a bayansa, sautinsa ya fi sakewa da faɗi, kunne ba ya gumi sosai, amma duk abin da kake ji na kusa da kai yana ji, kai ma kana jin janaretan maƙwabci. Na ɗaki ne, da dare.

A rufaffu, Sony MDR-7506 yana kasuwa tun 1991, ohm 63 ne (ohm shi ne ma'aunin yadda hedfon ke tare wuta), ba ya buƙatar ƙarfi, kuma kusan kowane ɓangare nasa ana sauyawa. Yana fito da murya tar, shi ya sa masu rediyo da masu ɗaukar karatu ke sonsa, sai dai sirarin sautinsa na da kaifi. Audio-Technica ATH-M40x, ohm 35, igiyarsa na cirewa, amma ka duba gaɓar da kofin kunne ke juyawa a kai, nan yake tsagewa. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa iri uku ne da aka fi sani, ohm 32, 80 da 250, kuma an rubuta lambar a jikinsa. Karanta ta kafin ciniki, domin ita za ta nuna ko wayarka kaɗai za ta ishe shi.

A buɗaɗɗu da masu rabin buɗewa, Philips SHP9500, ohm 32, igiyarsa mai jak ce, wato kan da ake sokawa a waya, na milimita 3.5 da ake samu a kowane shago, wannan kaɗai ya rage maka rabin wahalar gyara. Koss Porta Pro, wanda ya fito a 1984, da ɗan'uwansa KSC75 mai maƙalewa a kunne, dukansu ohm 60 ne. Ido zai raina su, amma a kuɗinsu da wuya ka sami abin da ya fi su. Superlux HD668B da Samson SR850 suna da araha kuma suna fayyace sauti, sai dai su ma sirarin sautinsu na da kaifi. AKG K240 Studio ohm 55 ne amma yana cin wuta fiye da yadda lambar ke nunawa, za mu zo kan dalilin. In kuwa ka ci karo da Sennheiser HD 600 ko HD 650 na hannu, masu ohm 300, a farashin da za ka iya, kar ka yi wasa da shi ko da sosonsa ya mutu: igiya, soso, raga da sifikarsa duk da hannu ake cire su.

Gwaji kafin ka miƙa kuɗi

Kan jak yana da gida uku: tsini na hagu ne, zoben tsakiya na dama, gindin kuma shi ne na ƙasa da duka ɓangarorin ke tarayya a kai. Juya mita zuwa awon ohm, a ma'aunin 200 in hedfon mai ƙaramin ohm ne, ko 2000 in mai ohm 250 zuwa sama ne. Ɗora tsinken mita ɗaya a tsini, ɗaya a gindi, ka karanta. Sannan zobe da gindi. Lambobin biyu su yi kusa da abin da kamfani ya rubuta, kuma su yi kusa da juna. In hagu ya nuna 63 dama ya nuna 34, an taɓa sauya sifika ɗaya da wata daban. In an ce maka MDR-7506 ne amma duka biyu suka nuna 32, jabu ne komai kyan kwalinsa. MDR-7506 da ATH-M50x na cikin waɗanda aka fi kwaikwayo, kuma akwai jabun da lambarsa ke yin daidai, don haka mita tana kama mai yawa amma ba duka ba. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na sabo a kan kaya "sabo fil a kwali" shi ma shaida ne.

Tsinkayen na kan jak, ka sa wani ya lanƙwasa igiyar a hankali daga gindin jak har zuwa inda ta shiga kofi. Lamba ta tsaya cak. In tana tsalle, akwai tsinkewa a ciki. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne, tunda gyaransa na minti ashirin ne.

Daga nan sai kunne. Ka zo da sauti biyu a wayarka: muryar mutum ɗaya da ka saba da ita, da sautin gwaji mai hawa daga 20 Hz zuwa 200 Hz. Muryar ta zauna a tsakiyar kanka daidai, kar ta karkata. Sautin gwajin kuma ya hau sumul. In ka ji zizar kamar ƙuda ya shiga kwalba, ko dai gashi ne ya taɓa fatar sifika, ko koyil, naɗin siririyar wayar da ke cikin sifika, ya goge. Na farko ana gyarawa, na biyu a bar wa mai shi kayansa. Ka ce wa mai shago, "Oga, bari in zare soso in duba," in ya hana, ka wuce gaba. Ka karɓi rasit mai sunan shago da lambarsa, kuma ka saya a cikin shago, ba a hannun wanda ya tare ka a titi ba.

Gyaran igiya da jak

Mafi yawan hedfon da aka ce "kunne ɗaya ya mutu", sifikarsa lafiya lau take. Igiya ce ta tsinke a gindin jak, inda take lanƙwasa a aljihu. Kayan aiki: ƙarfen liƙi mai siririn baki, wat 25 zuwa 40, ko mai saitin zafi, dalma 60/40 ko 63/37 mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8, man liƙi, sabon jak na ƙarfe mai murfin murɗawa, da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Duk ana samun su wajen masu sayar da kayan gyaran waya.

Yanke igiyar kamar santimita 3 bayan tsohon jak. Kafin komai, zura murfin sabon jak da robar tsukewa a jikin igiyar. Wannan ne matakin da aka fi mantawa, sai an gama liƙi tsaf a ga murfi a kan tebur. Fere bawon waje santimita ɗaya da rabi. Za ka ga zaruruwan tagulla uku ko huɗu, masu launi, haɗe da wani farin zare mai kama da auduga. Yanke farin, aikinsa ƙarfafa igiya ne kawai.

Launin da ke jikin zaren tagullar fenti ne mai hana wuta wucewa, kuma dalma ba ta kama shi. Kar ka kankare da reza, zaren zai gutsuttsure. Kar kuma ka ƙona da ashana, baƙin hayaƙin zai hana liƙi. Kai zafin ƙarfen wajen digiri 370, tara ɗigon dalma a bakinsa, shafa man liƙi a kan zaren, ka nutsa milimita 3 na ƙarshensa a cikin ɗigon na daƙiƙa uku zuwa biyar. Fentin zai narke ya yi hayaƙi, zaren ya fito fari yana ƙyalli. In bai yi fari ba, bai kamu ba, sake.

Yawanci ja na dama ne, kore ko shuɗi na hagu, mai ruwan tagulla na ƙasa, amma kamfanoni ba su haɗu a kan wannan ba, don haka a gwada. In zare uku ne, auna su bibbiyu: biyun da suka ba da ninkin ohm ɗin hedfon su ne hagu da dama, na ukun shi ne na ƙasa. Don sanin wanne ne hagu, ɗauki batirin AA mai volt 1.5, riƙe na ƙasa a gindinsa, ka ɗan taɓa ɗaya zaren a kansa, taɓawa ɗaya ka ɗauke. Kunnen da ya yi ƙas shi ne nasa. In zare huɗu ne, kowane kunne da na ƙasansa, sai a haɗa biyun a gindin jak.

Sa wa ƙafafun jak dalma tukuna, sannan ka ɗora zaren ka taɓa da ƙarfe na daƙiƙa biyu. In ka daɗe, robar da ke raba gidajen jak za ta narke su haɗe. Matse igiyar da maƙalin gindin jak a kan bawon waje, yadda in an ja, bawon ne zai ɗauki nauyi. Auna da mita kafin ka rufe: tsini da zobe kar su nuna sifili.

Mai makirfo gida huɗu gare shi. A tsarin CTIA da wayoyin yanzu ke bi, jerin daga tsini shi ne hagu, dama, ƙasa, makirfo. Tsohon tsarin OMTP ya musanya biyun ƙarshe. In ka ji murya ta yi nisa kamar daga rijiya, sai ka danna maɓallin makirfo ta dawo daidai, wannan musanyar ce.

In tsinkewar a cikin kofi take, sai an yi liƙi a bayan sifika, kuma nan ake asara. Kusa da inda igiya ke kamawa akwai zaren koyil, ya fi gashi siranta. Rage zafi zuwa wajen digiri 320, kar ka wuce daƙiƙa biyu, kar kuma ka taɓa ɗigon da zaren koyil ke kai. Maganaɗisun sifika yana fizgar bakin ƙarfe da sukurori, ka dafe hannunka a tebur. Ɗauki hoto kafin ka cire komai. In ka juya zaruruwan kunne ɗaya, sauti zai fito amma bes, wato sauti mai kauri, zai yi rauni, murya kuma ta watse ta rasa tsakiya.

Ziza, soso da karaya

In ziza ce, zare soso, kwance sukurori, ka haska fatar sifika da tocilan. Sau da yawa silin gashi ne ko ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisu ya jawo. Cire shi da ɗan hantsaki na roba ko tsinken sakace. In fatar ta loɓa, manna guntun salatif mara ƙarfi a wurin, ka ɗago a hankali har ta koma. Kar ka hura da ƙarfi, kar ka sa mata sifirit.

Soso shi ne abin da aka fi rainawa, alhali shi ke riƙe da rabin sautin. Fatar roba da ake lulluɓe shi da ita tana ruɓewa da danshi da gumi, shi ya sa a Legas, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, za ka ga tana barbaɗa baƙi a kunne da wuyan riga. In soson rufaffen hedfon ya kwanta ko ya tsage, iska na fita, bes ya gudu, mai shi ya zaci amfilifaya yake buƙata. Ƙafar tabarau mai kauri da bakin hula in ya shiga ƙarƙashin soso su ma haka suke yi. Sayi soso mai siffa da kaurin na asali, domin mai kauri fiye da kima yana nisanta sifika daga kunne ya sauya sautin. Ga MDR-7506, soson karammiski na Beyerdynamic DT 250 yana shiga daidai, ba ya barbaɗa, ya fi sanyi, sai dai bes da toshe ƙara suna ɗan raguwa. Na karammiski ana wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, a matse da tawul, a shanya a inuwa har ya bushe sarai; in aka mayar da shi da danshi, fumfuna za ta kama. Goge soso bayan sauraro, ka ajiye hedfon a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi. Jak da ya dushe saboda iskar teku, a goge shi da sifirit.

Robar da ta karye a gaɓa, sufa gulu kaɗai ba ta riƙe ta, ga tururinta na farar da roba yana iya ɓata fatar sifika. Huda ƙananan ramuka biyu a kowane gefen karayar, ɗinke da siririyar wayar ƙarfe, ka lulluɓe da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka bar shi awa 24. Don mayar da sifika mazauninta kuwa, gam B-7000 na masu liƙa gilashin waya ya fi, domin yana da taushi kuma ana iya ɓamɓarewa gobe.

Ko kana buƙatar amfilifaya

Lissafi ne ke amsa wannan. Lamba biyu kake nema a takardar hedfon: ohm, da ƙarar da yake bayarwa a miliwat ɗaya, wato dB/mW (dB shi ne ma'aunin ƙara). Ƙarfin da ke shiga hedfon shi ne volt sau volt, a raba da ohm. Ninka ƙarfi sau biyu yana ƙara dB 3, sau huɗu dB 6, sau goma dB 10. Abin nema shi ne na'urarka ta iya kai hedfon wajen dB 105 zuwa 110. Ba a wannan ƙarar za ka saurara ba. Sarari ne don bugun ganga da sauran sautuka masu tashi farat ɗaya su wuce ba tare da sun fashe ba.

Ɗauki na'ura mai ba da volt 1. A SHP9500, ohm 32 da dB 101, volt 1 na ba da miliwat 31, ƙarin dB 15 ke nan, jimla 116. Ya wuce buƙata. MDR-7506, dB 106, yana samun miliwat 16, ya kai 118. Waɗannan ba ruwansu da amfilifaya, kuɗin ya tafi ga soso. K240 Studio kuwa dB 91 kawai yake bayarwa a miliwat ɗaya, don haka volt 1 na tsayar da shi wajen 104, a bakin gaɓa. DT 770 mai ohm 250 da dB 96 yana samun miliwat 4 kacal, ya tsaya a 102. Don ya kai 110 sai miliwat 25, wato volt 2.5. Shi da HD 600 su ne masu buƙatar taimako na gaske.

Mataki mafi araha shi ne dongul, 'yar igiyar nan da ke shiga USB-C ta fito da jak. Na Apple yana da tsabtar sauti, amma iri biyu ne: na Amurka, A2049, volt 1 yake bayarwa, na Turai, A2155, rabin volt. Kayan da ke shigowa Legas daga Ingila galibi na biyun ne, don haka duba lambar a kwali. A wayoyin Android da yawa kuma yana fitowa ƙasa-ƙasa, sai da manhaja irin USB Audio Player PRO da ke iya ɗaga ƙararsa ta ciki. Dongul mai guntun CS43131 yana kaiwa volt 2, wanda ke kai DT 770 mai ohm 250 zuwa dB 108, kuma ga yawancin mutane magana ta ƙare a nan. In ka soka dongul waya ba ta gan shi ba, shiga saiti ka kunna OTG. Wasu wayoyin Tecno da Infinix sai an kunna da hannu.

Akwai lamba ta uku da ba a cika rubutawa ba, ohm ɗin mafitar amfilifayar kanta. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce kar ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ohm ɗin hedfon: ga mai 32, kar ta haura 4. Ramin hedfon na tsofaffin rediyon falo da wasu mikisa sau da yawa ya haura ohm 100, shi ya sa hedfon mai ƙaramin ohm ke kumbura bes ya yi dagwalo a kansu, mai ohm 300 kuma ya zauna lafiya.

Amfilifayar tebur irin JDS Labs Atom ko Schiit Magni tana da ƙarfin da ya ishi duk hedfon da aka ambata, amma a kula da abin da ke ba ta wuta. Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Amurka 120. Adaftar waɗannan biyun taransifoma ce mai fitar da AC, ba irin cajar waya mai karɓar 100 zuwa 240 ba. In ka soka ta Amurka a bangon Legas, za ta ƙone. Ba kuma a maye gurbinta da adaftar DC ko da volt ya yi daidai, domin daga AC ɗin amfilifayar ke haɗa wutarta ta ciki. Atom AC mai volt 16 take ci. Karanta rubutun jikin adafta kafin ka saya, in ta 120 ce ka haɗa da taransifoma mai sauke wuta. Cire ta daga bango duk lokacin da aka ɗauke wuta ko za a juya zuwa janareta, kuma ka zare hedfon kafin kunnawa da kashewa. Wanda wutar unguwarsu ba ta tsayawa, amfilifaya mai cin wutar USB wadda fawabank zai iya ɗauka ta fi masa kwanciyar hankali.

In ka ji gurnani ƙasa-ƙasa ko tsuwa a kwamfuta, zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, daga caja ne ko rashin wayar ƙasa a soket. Haɗa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya, gajarta igiyoyi, ka nisanta su da caja da sitabilaiza. Inbata mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul ita ma tana sa taransifoma kuka. Tsuwar da ke nan ko ba a kunna komai ba kuma, yawanci ƙarfin amfilifaya ne ya yi wa hedfon yawa. Mayar da maɓallin ƙarfin amfilifayar (gain) zuwa ƙasa.

Amfilifaya ba ta sauya halin hedfon. In kaifin Superlux ko MDR-7506 ke damunka, ikwalaiza, manhajar da ke daidaita kauri da kaifin sauti, ce maganinsa, kuma kyauta ce: Wavelet a Android, Equalizer APO a Windows, tare da saitin AutoEq da aka auna wa kowane samfuri. Duk dB ɗin da ka ƙara wa bes, rage kwatankwacinsa a ƙarar gaba ɗaya don kar sauti ya fashe, sannan ka cire wannan adadi daga lissafin da muka yi a sama. Hedfon da ke bakin gaɓa zai iya komawa mai buƙatar volt 2.

Batun ƙara kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a dB 80 na awa 40 a mako, kuma kowane ƙarin dB 3 yana raba lokacin biyu: 83 awa 20, 86 awa 10. A go-sulo na Oshodi ko Mile 12, mai buɗaɗɗen hedfon zai yi ta ƙara murya don ya danne hon da inji har ya wuce 90 bai sani ba. Saita ƙarar a ɗaki shiru, ka lura da inda ma'aunin ya tsaya a waya, in ka fita titi kar ka wuce wurin. In ba ka ji sosai a haka, rufaffe za ka ɗauka ranar.